Daga Zangon Agege Zuwa Tsaunin Mambila

Bahaushen Agege hanya ɗaya ya fi sani in zai bar Ikko, watau wadda ta bi ta Badun da Ilori da Jebba ta kai shi gida. Tun zamanin da hanyar jirgin ƙasa ta haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken goro suka cika zangon Agege, ita ake bi a je, ita ake bi a komo. Amma akwai wata hanya da ta nufi gabas, wadda in ban da direbobin manyan motoci da dillalan shanu masu hulɗa da mayankar Oko-Oba, ba kowa ne ya taɓa taka ta ba. Ita ce mai zuwa Tsaunin Mambila a Jihar Taraba, inda wasu daga cikin shanun da ake yankawa a Agege suke tasowa.

Tafiyar ta haura kilomita 1,000, ba a yin ta a yini guda. Mota takan bi ta Shagamu da Ore da Binin, ta ƙetare Kogin Kwara a Anacha, ta ratsa ƙasar Inugu, ta faɗa Jihar Binuwai ta Otukpo da Gboko da Katsina-Ala. Wannan ɓangare ba shi da wani abin labari sai ramuka da shingayen masu duba takardu. Daga Takum ne ƙasa take fara canja kama. Duwatsu su ɓullo nesa, shuɗi shuɗi kamar hadari, garuruwa su ƙanƙance, har a isa Bali, sa'an nan a miƙa kudu zuwa Serti.

A Serti ya kamata matafiyi ya yada zango, domin nan ne hedkwatar Gandun Dajin Gashaka-Gumti. An kafa shi a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Taraba, ta hanyar haɗe tsofaffin gandayen namun daji biyu, na Gashaka da na Gumti. Faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 6,000, babu kamarsa a girma duk Nijeriya, har kansa na arewa ya shiga Jihar Adamawa. A cikinsa, daf da iyakar Kamaru, dutsen Chappal Waddi yake, mai tsawon mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar nan. Akwai ɓauna da dorina da damisa da birai iri iri, har da babban birin nan mai kama da mutum da Turawa ke kira cimfanzi. A bisa wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka kuma akwai kufan sansanin Jamusawa, gama wannan yanki a hannunsu yake kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai a 1961 mutanensa suka jefa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi zama a Nijeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumar Mambila take amsawa har yau.

To, amma darajar gandun ba a namun daji kaɗai take ba. Kurmin da ya rufe waɗannan duwatsu shi ke riƙe ruwan damina yana sakinsa a hankali cikin koguna irin su Kam da Gashaka, su zuba a Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Masunci a Makurɗi da mai noman rani a bakin kogi duk suna cin albarkacinsa, ko da ba su taɓa jin sunan Serti ba. Shi ya sa ɓarnar da masu saran madobiya suka yi a dazuzzukan Taraba, a shekarun da kasuwarta ta buɗe a ƙasar Sin, ba ƙaramar asara ba ce. A 2017 hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Africa Nature Investors domin a ƙarfafa tsaron gandun. Sai dai tsaro kaɗai ba zai wadatar ba, domin tun farko an keɓe wasu wurare a tsakiyar gandun inda aka bar manoma da makiyaya su zauna. Ma'aikacin gandu da ya mai da su abokan gaba ya rasa idanun da za su gaya masa wanda ya shigo da zarto.

Daga Serti sai Mayo Selbe, a gindin tsauni. Nan direba yake duba birki da ruwan mota, fasinjan da ya san hanya kuma ya zaro rigar sanyi alhali gumi yana keto masa. Hanyar takan yi ta murɗewa kamar maciji, dutse a hannu ɗaya, rami mai zurfi a ɗaya hannun, mota tana nishi a giya ta ɗaya, masu salati suna yi. Akwai hawan da ake kira Biyu da Sisi, wai don sule biyu da sisi ne ladan ɗan dako a zamanin da kaya a ka ake hawa da su.

Da an kai sama sai a ga kamar an shiga wata ƙasa. Babu kurmi, sai tuddai masu ciyawa shar iyakar ganin ido, da layukan itacen turare, da hazo mai sauka ko da rana tsaka. Tudun yana bisa kimanin mita 1,600, sanyinsa ya hana tsando zama, saboda haka shanu suka samu wuri. Garuruwan ƙanana ne: Maisamari, da Nguroje, da Kakara inda gonakin ganyen shayi da masana'antar Highland Tea suke, sai Gembu, babban garin. Fulatanci ya fi tafiya a kasuwa, ko da yake mai jin Hausa ba zai kwana da yunwa ba.

Kyan wurin bai hana shi ciwo ba. Ciyawar da ta jawo makiyaya ita ce ƙasar da manoman Mambila suka gada, jama'a kuwa tana ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa. A watan Yuni na 2017 rikici ya ɓarke, aka yi hasarar rayuka da dabbobi masu yawa. Madatsar ruwan Mambila kuma, wadda aka ce za ta ba da megawat 3,050 na lantarki, shekaru da dama ana maganarta, har yau tana kan takarda.

Mai niyyar zuwa ya zaɓi rani, tsakanin Disamba da Maris, lokacin da rafuka suka janye, hanyar Gashaka take biyuwa. Ya nemi izini da ɗan rakiya a ofishin gandu na Serti, ya kuma tabbata ya hau tsaunin ko ya sauko da sauran rana.