Kwana Uku a Tsibirin San Luwi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Shekara da shekaru muna koya wa yara labarin ƙasa, muna zana musu taswirar Afirka ta Yamma a jikin allo, muna nuna musu inda kogin Senegal ya faɗa teku, amma ba mu taɓa zaton za mu taka wurin da ƙafarmu ba. Sai ga shi a watan Disamba na 2023 wani taron malamai ya kai mu Dakar. Da aka tashi, muna da sauran kwana huɗu kafin jirginmu. Mu uku ne, ɗayanmu mutumin Maraɗi ne mai jin Faransanci, shi ya zama bakinmu. Muka haɗa ɗan guzurin da ya rage, muka shiga mota sai San Luwi, wajen kilomita 260 arewa da Dakar, daf da iyakar Muritaniya.

Mutanen ƙasar, wato Wolof, suna kiran garin Ndar. Tsohon garin yana kan wani siririn tsibiri a tsakiyar kogi, tsawonsa kamar kilomita 2, faɗinsa kuwa bai fi mita 400 ba. Ana shigarsa ta wata doguwar gada ta ƙarfe, gadar Faidherbe, wadda aka buɗe a 1897, tsawonta ya ɗara mita 500. Faransawa suka kafa garin a 1659. Shi ne babban birnin dukan ƙasashensu na Afirka ta Yamma daga 1895 zuwa 1902, ya kuma riƙe Senegal har 1957, sa'an nan aka mai da kome Dakar. Tun daga lokacin ya zama kamar tsohon basarake wanda aka tuɓe wa rawani amma bai yar da mutuncinsa ba.

Kana sauka daga gada, ga masaukinmu nan, Hôtel de la Poste, yana duban gidan waya. Tsohon bene ne, mai ɗan fili a tsakiya inda iska ke shiga. Bangon cike yake da hotunan jiragen sama na da, da na matuƙansu. Wani dattijo mai aiki a wurin ya ɗauki akwatinmu. Muka ce, "A'a, Baba, bari mu ɗauka." Ya yi murmushi, ya ce baƙo ba ya ɗaukar kaya a gidansu. Muna hawa ya nuna mana ƙofar ɗaki mai lamba 219, ya ce nan ne Jean Mermoz yakan kwana.

Wane ne Mermoz? Matuƙin jirgin sama ne, Bafaranshe, aikinsa ɗaukar wasiƙu. A zamanin jirage ƙanana ne, suna tasowa daga Faransa, su bi bakin hamada zango zango har su iso San Luwi. Ran 12 ga Mayu 1930 ya tashi daga nan shi da abokan aiki biyu, da buhunan wasiƙu, suka ƙetare tekun Atalantika, suka sauka Natal ta ƙasar Burazil bayan awa 21. Ran 7 ga Disamba 1936 ya tashi daga Dakar a kan wannan hanya, ba a ƙara ganinsa ba, ko shi ko jirginsa. Muka daɗe tsaye a bakin ƙofar. Mutum ya sa ransa a kan takardun mutanen da bai sani ba, don kawai an ba shi amana!

Kashegari da sassafe muka fita. Garin nan ba ya bukatar mota. Titunansa a miƙe suke kamar an ja su da rula, duk wanda ka bi daga gabas zuwa yamma, cikin minti kaɗan ka ga ruwa. Gidajen masu hawa biyu ne, ƙasa kanti ko ɗakin ajiya, sama wurin kwana, da baranda ta katako ko ta ƙarfe. Waɗansu an gyara su, waɗansu gishirin iska ya ci bangonsu. Saboda gine-ginen nan ne hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Kekunan doki suna wucewa, awaki suna kwance a inuwa. Muka shiga babbar majami'ar Katolika wadda aka gama a 1828, muka zauna shiru. Can arewa kuma muka ga babban masallaci, da agogo da ƙararrawa a hasumiyarsa, abin da ba mu taɓa gani ba.

Da rana aka kawo mana abincin da garin ya yi suna da shi, cebu jen, wato shinkafa da kifi. Ƙananan shinkafa ce aka dafa cikin romon tumatir, ga kifi an cusa masa kayan yaji, ga rogo da kabeji da karas da yalo, da ɗan tsamiya. Tire ɗaya muka zagaye. Bayansa sai shayi, zubi uku. Abokinmu na Maraɗi ya ce yau kam ya zo gida.

A rana ta uku dattijon nan ya ce zai kai mu unguwarsu. Muka ƙetare wata ƙaramar gada ta yamma, muka shiga Get Ndar, unguwar masunta. Tana kan wani ɗan zirin yashi, kogi a gabas, teku a yamma. Kai, jama'a! Yara, tumaki, taruna, mata suna shanya kifi, manyan kwale-kwale masu fenti kala-kala jere a bakin ruwa. Muka bi wani lungu har ya ƙare, sai ga teku tana ruri. A nan muka ga bangaye a kife, da daɓen ɗakuna waɗanda ba su da rufi. Ya nuna wani wuri inda ruwa ke fashewa, ya ce, "'Ya'yana, can aka haife ni."

Ga yadda abin yake. Teku ta daɗe tana cin wannan gaɓa. A watan Oktoba na 2003 kuma kogi ya cika, yana neman ya shanye tsibirin. Sai hukuma ta haƙa wata kafa mai faɗin mita 4 a zirin yashin, kudu da gari, don ruwa ya fita. Garin ya tsira, amma kafar ta yi ta faɗi har ta kai kilomitoci. Ƙauyen Dun Baba Jey ya nutse, ruwan gishiri ya ɓata gonaki, masunta da yawa kuma sun hallaka wajen ƙetare bakin. An kwashe ɗaruruwan iyalai daga gaɓa zuwa cikin tudu, nesa da kwale-kwalensu.

Mun sha koya wa yara misalin wanda ya gina gidansa a kan yashi, muna kiransa wawa. A nan bakinmu ya mutu. Waɗannan ba wawaye ba ne, inda abincinsu yake nan suka zauna, kamar yadda mutanenmu suke zaune a bakin Binuwai da Kwara, da waɗanda hamada ke bin gonakinsu a arewa. Muka tambaye shi, "Baba, me ya sa ba ku tashi ba tun da wuri?" Ya ce, "Kabarin ubana yana nan. Jikokina ne za su tashi, shi ya sa na sa su makaranta."

Daren nan, a ɗakinmu na bene, muka rubuta wa 'yan ajinmu wasiƙa. Da gari ya waye muka ƙetare titi muka jefa ta a gidan waya. Mun riga ta isowa gida da mako biyar. Ranar da ta zo, muka ba wata yarinya ta karanta wa aji. Da ta gama sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, jikokin Baba sun sami makaranta a inda aka kai su?" Mun ba shi takarda mun ce ya rubuta ya tambaya.