Hutun Damina a Ƙasar Kankiya da Kusada: Ina 'Ya'yanmu Ke Yini?

Wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano cikin watan Agusta, ya ratsa Kankiya har ya kai Gidan Mutum Ɗaya, zai ga ƙasa ta yi kore shar, gero ya fid da kai, gyaɗa ta rufe kunya. Daidai wannan lokaci ne makarantu ke cikin dogon hutu. A ƙauyukan Kankiya da Kusada mun ga yaro bai rasa abin yi ba, domin gona da kiwo sun riƙe shi, da dare kuma ga makarantar allo. Wanda ke ba mu tsoro shi ne ɗan ma'aikaci da ɗan attajiri na cikin gari. Uba yana ofis ko kasuwa, yaro kuwa ya yini da waya a hannu, ko ya bi abokai zuwa kududdufi, alhali kowace damina sai an ji ruwa ya ci yara a ƙasar Hausa.

A Turai da Amurka akan shirya wa yara sansanin yini lokacin hutu, watau su zo da safe su yi wasanni ƙarƙashin malamai, su koma gida da yamma. Mu ma abin ba baƙo ba ne. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Ikko cikin 1954, ta daɗe tana tara matasa lokacin hutu domin karatu da tarbiyya, 'yan agaji kuma suna da nasu horon. Amma tun da aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar kwana ta Ƙanƙara cikin Disamba 2020, iyaye da yawa ba sa sakin jiki da kwanan 'ya'yansu a waje. Saboda haka na yini shi ya fi dacewa da wannan yanki.

Addini bai hana ba. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya sa an yi sukuwar dawaki, ya kuma fifita mumini mai ƙarfi a kan mai rauni. Kayan aikin ma muna da su: filayen makarantun firamare suna nan babu kowa, ga langa da kokawa da ƙwallo ga maza, ga gaɗa da carafke ga 'yan mata a nasu wuri, a hannun malamai mata. A fara da karatun Alƙur'ani da hantsi, a yi wasa, a yi Azahar cikin jam'i, kowa ya isa gida kafin La'asar. Rana ɗaya a mako a kai su gona, ɗan birni ya san bambancin gero da dawa.

To, jama'a, wannan ba sai an jira gwamnati ba. Attajiri ya ɗauki nauyin abinci, malamin makaranta ya ba da lokacinsa, a nemi albarkar hakimai da limamai. 'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah Ya shirya mana zuriya, amin.