Helsinki: Birnin Da Ke Ƙirga Haɗurra Kafin Ya Gyara Titi

Duk wanda ya sauka Helsinki, babban birnin ƙasar Finland da ke gaɓar Tekun Baltik, abin da zai fara lura da shi shi ne yadda motoci ke tafiya a natse. Da na fito daga tashar jirgin ƙasa na nufi kasuwar bakin teku, sai na tsaya a wurin tsallaka titi ina jiran motoci su wuce, kamar yadda na saba. Ashe su ma ni suke jira.

Mai karatu, kada ka ɗauka halin kirkin direbobi ne kaɗai ya kawo haka, akwai aikin lissafi a ciki. Hukumar birnin tana tattara bayanin haɗurran da 'yan sanda suka rubuta, ta sa alamar kowanne bisa taswira. Tana kuma da na'urori masu ƙirga motoci da kekuna, da masu auna gudu. In alamomi suka taru a wata mararraba, to, an gane inda ciwo yake, sai a tsuke titin, ko a ɗaga wurin tsallakawa, ko a kafa kyamara.

Bayan wannan, duk haɗarin da aka rasa rai a ƙasar, ana tura ayarin bincike: ɗan sanda, da likita, da masanin titi, da masanin mota, da masanin halayyar ɗan Adam. Neman mai laifi aikin kotu ne, su dalili suke nema.

Abin da alƙaluma suka daɗe suna nunawa shi ne, wanda mota ta buge tana gudun kilomita 30 a awa galibi yakan rayu, amma a kilomita 50 haɗarin mutuwa ya ninka sau da yawa. Saboda haka fiye da rabin titunan birnin an ƙayyade musu 30.

An kuwa ga amfani. A 2019 babu mai tafiya a ƙasa ko ɗaya da mota ta kashe. Daga Yulin 2024 zuwa Yulin 2025, shekara guda cur, birnin mai mutum kusan 690,000 bai rasa rai a titi ba.

Bayan azahar na ga 'yan firamare sun taso daga makaranta, jaka a baya, babu babba tare da su. Suka tsallaka titi suna hira, iyayensu na can wurin aiki hankali kwance.