Shekara 15 ina bin sawun gubar da ba ta ruɓewa

1/ Duk sanda na ce aikina binciken iska da ƙura ne, sai wani ya ce "Dakta, ƙurar ma sai an yi mata digiri?" To yau na samu sarari, bari in warware muku zare da abawa. Zaren da ɗan tsawo, a gyara zama.

2/ Kimiyyar sinadarai na karanta. Fannina shi ne wasu sinadarai da a Turance ake taƙaita sunansu da POPs, ni kuwa "guba mai naci" nake ce musu. Halinsu huɗu: ba sa ruɓewa da wuri, suna taruwa a kitsen jiki, iska na kai su nesa, kuma kaɗan ɗinsu ma cuta ne.

3/ Kada a haɗa su da fiya-fiya. Ita fiya-fiya nan take take illa, amma ba ta daɗewa take lalacewa. Waɗannan kuwa a hankali suke aiki. Dayoksin mafi muni in ya shiga jikin mutum, sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. Rabi fa, ba duka ba.

4/ Da farko murna aka yi da su. A 1939 Paul Müller ya gano DDT na kashe ƙwari, har ya samu kyautar Nobel a 1948, kuma ya ceci rayuka daga zazzaɓin cizon sauro. Sai a 1962 Rachel Carson ta fito da littafin da ya nuna yadda yake hallaka tsuntsaye da kifi. Amurka ta hana fesa shi a gona a 1972.

5/ Abin da ya ja ni fannin nan ina ɗaliba shi ne binciken da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 a arewacin Kanada. An auna nonon matan ƙabilar Inuit, mutanen da babu masana'anta ko ɗaya kusa da su, sai aka tarar PCB ɗin da ke ciki ya ninka na matan birane. Ta ina ya je can?

6/ Amsar ita ce abin da muke kira tsallen fara. Sinadarin kan tashi sama a inda ake zafi, iska ta ɗauke shi, ya sauka inda ya fi sanyi, zafi ya dawo ya sake tashi. Daki-daki har ƙarshen duniya. Can ya shiga ƙananan halittun ruwa, kifi ya ci, babban naman ruwa ya ci kifi, mutum ya ci shi.

7/ Mu ma mun ɗanɗana. A 1988 aka jibge gangunan sharar guba daga Italiya a garin Koko, jihar Delta ta yanzu, kuma akwai PCB a ciki. A 2001 duniya ta amince da Yarjejeniyar Stockholm, ta fara aiki a 2004 da sinadarai 12. Yanzu sun haura 30. Najeriya, Nijar da Gana duk suna ciki.

8/ Yaya ake kama guba a iska? In kun ga kayan aikin sai kun raina. Kwano biyu ne na ƙarfe, ɗaya kife a kan ɗaya, da faifan soso a tsakiya. Ba ya buƙatar wuta. Mu rataye shi a saman gini wata uku, iska na ratsawa, soson na tsotse abin da ta ɗauko.

9/ Kafin in rataya ko ɗaya, sai na je wajen mai unguwa na yi bayani. In ba haka ba a ce asiri ne, ko kyamarar leƙen gidajen mutane. Na koyi zama a zaure ana shan shayi fiye da yadda na koyi wasu darussan jami'a, wallahi.

10/ Ƙura kuma gida-gida nake bi, shago-shago. Ƙarƙashin kujera, saman fanka, bayan talabijin, cikin mota. Akwai Hajiyar da ta ce min "'Yata, da kin faɗa da wuri ai da na tara miki buhu guda." Abin da nake buƙata bai cika cokali ba.

11/ A ɗakin gwaji mu wanke soson da sinadarin narkarwa kusan kwana guda, mu tace, mu rage shi ya dawo ɗigo kaɗan, sannan mu saka a injin GC-MS. Muna auna nanogiram, wato giram ɗaya a raba shi gida biliyan. Shi ya sa kwalaben ma sai mun gasa su a tanda kafin amfani.

12/ Wahalar aikin a gida ba ilimi ba ne, kayan aiki ne. Injin na son wuta dare da rana. A ɗauke wuta ana tsakiyar awo, aikin mako ya tafi. Ƙaramin abu ya lalace, a yi wata shida ana jiran sa. Dayoksin kuwa yawanci sai mun tura samfurin waje, da kuɗin waje.

13/ Me na gani a shekarun nan? Babbar matsalarmu ba a masana'anta take ba, a wutar da muke kunnawa take. Babu mai ƙera dayoksin da gangan. Yana haifuwa ne in an ƙona shara, roba, musamman rigar wayar lantarki, a fili da baƙin hayaƙi. Tokar ta zauna a ƙasa, kaji su yi tsince.

14/ A 2019 ƙungiyoyin IPEN da Basel Action Network sun fitar da sakamakon awon ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, inda a lokacin ake ƙona tsofaffin kayan lantarki a Akara. Ƙwai ɗaya tak ya haura ma'aunin dayoksin na hukumar abinci ta Turai sau fiye da 200. Kaza ba ta san iyakar bola ba.

15/ Wata rana ina ɗibar ƙasa a filin 'yan gwangwan, wani matashi da ke ƙona waya don ya ciro tagulla ya ce min: "Anti, na ji bayaninki. In na daina, ke za ki ciyar da ƙannena?" Babu injin da ke ba da amsar wannan. Har yau tana raina duk lokacin da zan rubuta rahoto.

16/ Abin da na iya gaya masa: waya mai kauri a feɗe ta da wuƙa, tagullar ma ta fi fitowa da kyau. Sirara kuwa akwai injin da ke markaɗe ta ya ware robar. Mutum ɗaya ba zai iya saye ba, ƙungiya za ta iya. A kore su kawai ba magani ba ne, wani lungun za su koma, hayaƙin dai namu ne.

17/ Cikin gida kuma akwai PBDE, maganin hana kamawa da wuta da aka zuba a soson kujeru da jikin tsofaffin talabijin da kwamfuta. Yana fita a hankali ya zauna a ƙura. Yaro mai rarrafe, hannu ƙasa hannu baki, shi ya fi kwasa. Bincike ya danganta shi da rikicewar sinadaran maƙoshi da ci gaban ƙwaƙwalwa.

18/ Manya za su tuna gamalin da ake zubawa a rafi kifi ya taso. Lindan ne a ciki. An saka shi a yarjejeniyar a 2009, a 2015 kuma hukumar binciken kansa ta WHO ta tabbatar yana jawo cutar daji. Tsohon galan ɗinsa in yana rumbunku, ba na zuba ruwa ko mai ba ne.

19/ Iyaye mata, don Allah kar wannan zaren ya sa wata ta yaye ɗanta. Eh, ana samun su a nono, amma WHO ta tsaya a kan cewa alfanun shayarwa ya rinjayi haɗarin. A gyara muhalli, ba a hana yaro nono ba.

20/ Abin da ke hannunmu:
A daina ƙona leda da roba a tsakar gida.
A goge ƙura da jiƙaƙƙen tsumma, a yayyafa ruwa kafin shara.
A wanke wa yara hannu kafin cin abinci.
Kar a bar kaji da awaki su yi kiwo a tokar bola.
Man taransifoma ba na shafawa ko suya ba ne, tsoho na iya ɗauke da PCB.

21/ Hani yana aiki kuwa? Yana yi. A Suwidin PBDE a nonon mata ya riƙa ninkawa duk bayan shekara biyar daga 1972 zuwa 1997, da aka daina amfani da shi ya fara sauka. Sun gane haka ne don suna da awon shekara da shekaru. Mu namu awon tsinci-tsinci ne, in tallafi ya ƙare, shi ke nan.

22/ Yarjejeniyar ta sa 2028 a matsayin wa'adin kawar da man PCB ta hanyar da ta dace. Wanda bai auna ba, da me zai ce ya cika alkawari? Ƙannena masu karanta kimiyyar sinadarai, fannin nan na neman ku, musamman mata, don akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ya ɗebo ƙura ba. Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.