Cinikin Tsohuwar Zuma

Mu masu sha'awar tsofaffin motocin ƙawa, zuciyarmu kan riga idonmu shiga ciniki. A ce an yi mana tallar Mercedes 280 SL da ta yi haɗari, samfurin da aka daina ƙerawa a Jamus tun 1971. Lotsewar bodi ba ta razana mu, wannan aikin guduma ne da fenti. Ƙarƙashinta muke leƙawa. Muddin ƙarfen da ke ɗauke da inji ya karkace, tsatsa kuma ta cinye gindinta, to kuɗin gyara sai ya zarce darajarta, ga kayanta sai daga Turai. Lalle da tsohuwar zuma ake magani, amma ba da guzurin iyali ake sayenta ba. A nan sai mu haƙura, mu bar ta.