Daren Wa Za Ta Haska?

Kusan kowace haja da ke kasuwa a yau tagwaye ce. Akwai ta gama-gari, akwai kuma yayarta mai tsada, sau da yawa ma kamfani ɗaya ne ya ƙera su, suna ɗaya suke amsawa, farashi ne kawai ya raba su. Ba maganar jabu nake yi ba, domin shi jabu ha'inci ne, hukuncinsa kuwa a fili yake. Ina magana ne a kan kaya biyu na gaskiya waɗanda mai shago zai ajiye maka a kan teburi ya ce ka zaɓa. Bahaushe ya tanadar wa kowane ɓangare karin magana. In ka karkata ga mai tsada, sai a ƙarfafa maka guiwa da cewa araha ba ta ado. In kuwa ka karkata ga mai sauƙi, sai a ce ai daidai ruwa daidai tsaki. Ke nan karin magana ba za ta raba wannan gardama ba, tilas mutum ya yi aiki da nasa hankalin. Abin da ya jefa ni cikin wannan dogon tunani kuwa bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wato 'yar tocilar nan da ake ratayawa a jikin makulli.

Kafin mai karatu ya yi mini dariya, ya kamata ya san inda na fito. Garinmu Izom yana bakin kogin Gurara, a kan hanyar da ta tashi daga Suleja ta nufi Minna, cikin ƙaramar hukumar Gurara ta Jihar Neja. Jiharmu ta yi suna da madatsun ruwa masu samar da lantarki: Kainji tun 1968, Shiroro a 1990, ga Jebba a kan iyakarmu da Kwara, ga kuma Zungeru ta baya-bayan nan. Duk da haka, wanda ya tashi a garuruwa irin namu ya san cewa wuta baƙuwa ce, takan zo ba sallama ta tafi ba ban kwana. Hasali ma, ko da ta zo, iyakarta ɗaki da tsakar gida. Lungunan da ke tsakanin gidaje da hanyoyin da suka ratsa ciyawa zuwa unguwannin gefen gari, waɗannan na duhu ne tun fil azal. Da damina ciyawa takan rufe hanya, kunama ta fito, haka ma kububuwa, wadda saboda mugun dafinta ake mata kirari da gobe-da-nisa. Ba a banza ba Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su a shekarar 2017. Mafi yawan waɗanda abin ke faɗa wa mutanen karkara ne, kuma sau da yawa a ƙafa ake saran su, a wurin da ido bai gani ba.

A cikin irin wannan dare Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi fiye da shekara talatin tana aikin ungozoma. A yanzu ba ta cika karɓar haihuwa a gida ba, sai dai in naƙuda ta taso wa mace da tsakar dare, har gobe ita ake bugawa ƙofa don ta duba ta, ta raka ta asibiti. Ta yi zamani da aci-bal-bal, ta yi da fitilar ƙwai har kananzir ya fi ƙarfin talaka, ta yi da doguwar tocila mai manyan batura biyu. Aibin dukkansu ɗaya ne: a ranar da ake neman su ba a ganin su, ko jika ya ɗauka, ko maƙwabciya ta ara. Wayar hannunta ma tana da tocila, amma cajin da ke ciki na kiran mai babur ne, ba ta yarda ta ƙone shi a hanya. Abu ɗaya ne na lura ba ya rabuwa da ita ko tana barci, wato makullin ɗakinta da na adakarta, waɗanda ke ɗaure a jikin igiyar lalitarta. Wannan ne ya sa da na zo hutun ƙarshen zango na ƙudura cewa haske ya kamata ya koma inda makulli yake.

A kasuwar Suleja na sami wani dattijo mai sayar da kayan wuta, ya zaro mini guda biyu daga cikin gilashi. Ta farko jikinta roba ne, tana cin ƙananan batura uku masu kama da maɓallin riga. Ta biyu ƙarfen alminiyam ce, batirinta a ciki yake, ana yi mata caji kamar waya, kuɗinta kuwa ya ninka na 'yar'uwarta sau uku da ɗoriya. Bambancin ya kusa kai kuɗin motata na komawa makaranta. Ya kunna su tare ya haska tafin hannunsa, ni dai ban ga wani bambanci ba.

Na ce, "Baba, ai haskensu ɗaya ne."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan makaranta, yau kam ɗaya ne. Ka dawo bayan ruwa uku ka tambaye ni."

Gaskiya ya faɗa, kuma akwai dalili. Ƙwayar hasken da ke bakin kowaccensu iri ɗaya ce, wadda ake kira LED. Asalinta aikin wasu masana uku ne daga Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, waɗanda suka samar da shuɗiyar ƙwaya mai ƙarfi a farkon shekarun 1990, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Da aka lulluɓe shuɗiyar da wani sinadari mai ba da ruwan ɗorawa, sai farin haske ya samu, mai cin wuta kaɗan, mai daɗewa bai mutu ba. Albarkacin wannan bincike, haske kansa ya yi araha, har tocilar talaka tana iya kashe ido a ranar da aka saye ta. Ashe ke nan ƙarin kuɗin ba haske yake saye ba. Yana sayen zoben roba da ke hana ruwan sama shiga ciki. Yana sayen makunni wanda ba ya dannuwa da kansa a cikin lalita ya shanye batir mai ita ba ta sani ba. Yana sayen jikin da zai faɗi a kan dutse bai tsage ba, da batirin da ke riƙe haskensa har kusa da ƙarewa, maimakon ƙananan baturan nan da ke dusashewa sannu a hankali har su koma kamar idon mage.

Sai dai adalci ya wajaba a yi wa mai araha. In baturanta sun mutu, a buɗe a sa wasu, ta tashi nan take, alhali kuwa mai tsada sai ta sha caji, caji kuma sai da wuta. Bugu da ƙari, batirin da ke cikin mai tsada yana tsufa, zafin rana yana rage masa kwana, kuma in ya mutu ba kowa ke iya sauya shi ba. In mai araha ta ɓace, ba a yin zaman makoki. Na auna waɗannan duka ina tsaye a gaban shagon. Na tuna cewa ƙananan baturan nan ba kowane mai tireda ne ke ajiye su ba, ga shi idon Gwaggo ba zai iya jera su daidai ba. Masu cajin waya kuwa, ko da janareto ko da hasken rana, ba su yanke a garinmu ba, kuma duk mako jikokinta suna kai wayarta can.

A nan ne na fahimci cewa tambayar da muka saba yi a kasuwa, wato wacce ta fi kyau, guntuwar tambaya ce. Cikakkiyar ita ce: daren wa za ta haska, kuma me zai faru in ta ƙi kamawa? Ni da nake ɗakin kwanan ɗalibai, in tocilata ta mutu, iyaka dai in lalubi ramin kwaɗo da yatsa, ko in yi tuntuɓe da bokitin wani a baranda mu yi dariya. Gwaggo kuwa in tata ta mutu, a tsakiyar ciyawa za ta mutu, da mace mai naƙuda a gefenta. Darajar kaya ba a jikinsa kaɗai take ba, tana tare da girman asarar da za a yi ranar da ya saɓa alkawari. Saboda haka na sayi mai ƙarfen don Gwaggo, na ce in Allah ya hore zan dawo in sayi ta robar don kaina. Guzurin makaranta ya ragu, na san garin kwaki zai cike giɓin.

Saura matsala ɗaya, wadda na san ta tun ina yaro. Iyayenmu mata suna da wata ɗabi'a game da abu mai tsada: ba sa amfani da shi, adana shi suke yi. Na san atamfofin da suka shekara goma a adakar Gwaggo ba a kai su wurin tela ba, na san kwanukan da ba su taɓa ganin tuwo ba. Da na miƙa mata tocilar nan a cikin kwalinta mai ƙyalli, to, ko shakka babu a ƙasan adaka za ta kwana, ana jiran wata babbar rana, alhali babbar ranar tocila ita ce daren da ba a shirya masa ba. Don haka tun a mota na cire ta daga kwalin. Da na isa gida na roƙi makullanta, na sami tsohon zaren lilo na ɗaure ta a tsakaninsu, har ta zama kamar ta daɗe a wurin.

Ta jujjuya ta a hannu ta ce, "Kai ɗan nan, wannan abu da nauyi haka, nawa ka zubar a kansa?"

Na ce, "Haba Gwaggo, yaushe aka fara tambayar kuɗin tsaraba?"

Ta harare ni, ta sa mini albarka, ta cusa makullan a lalita. Damina biyu ke nan, fentin jikinta ya goge, gefenta ya lotsa, tana nan tana aiki. Wannan gogewar fenti ita ce ta fi komai faranta mini rai, domin ita ce shaidar cewa tana fita dare.

Ba ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai su riƙa bin mai tsada ba ne. Mu da muke ƙirga kuɗin kwafin takardu da na koko, yawancin abin da muke buƙata na gama-gari ya ishe mu, kuma mai sayen tsada don a gani ya sayi wahala. Abin da na lura da shi dai shi ne, a gidajenmu da yawa rabon yakan zo a karkace. Mai kyau tana hannun wanda ke da kuɗi da mota da janareto, wanda da wuya duhu ya riske shi a waje. Ta robar kuwa tana hannun maigadi, da manomin da ke sammakon zuwa gona, da tsohuwar da ake tasa da ƙarfe biyun dare. Duk wanda Allah ya ba ikon sayen guda biyu, ya dubi gidansu da kyau kafin ya raba, ya ga wane ne ke fita alhali kowa na barci.