Daga Zariya Zuwa Ceberu Don Biyan Bashin Gaisuwa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi ni kaɗai da kakan nan, daga Zariya zuwa Ceberu ta ƙasar Gwandu. Bashi na tafi biya, amma ba na kuɗi ba.

Ga asalinsa. A 1979 aikin koyarwa ya kai ni ƙasar Sakkwato, na tarad da wani malamin Larabci mutumin Ceberu, muka zama kamar wa da ƙane. Shekara 12 muna cin tuwo akushi ɗaya, shi ya raɗa wa ɗana na fari suna. Da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991 sai ya koma gida, ni ma ban daɗe ba na komo Zazzau. Muka riƙa aika wa juna wasiƙa, da waya ta zo muka koma kanta. A 2016 Allah ya yi wa babban ɗansa rasuwa. Na yi masa ta'aziyya ta waya, na ce ina nan tafe ran addu'ar bakwai. Bakwai ta wuce, arba'in ta wuce, kullum ina fakewa da cewa hanya ba lafiya. Hanyar kuwa lalle ba lafiya, amma ai kowace safiya mutane na bin ta. Daga nan kunya ta hana ni ko kiransa, shi kuma ya yi shiru, shekaru suka yi ta tafiya. Sai bana wani tsohon ɗalibinmu ya gamu da ni wajen ɗaurin aure, ya ce, “Malam, ko ka ji idon abokinka ya tafi?”

Iyali suka ce in ɗauki yaro ya tuƙa ni. Na ƙi, don ni kaɗai na yi laifin, ni kaɗai kuma ya kamata in kai kaina.

Na tashi bayan hantsi ya fara, don tsakanin Funtuwa da Gusau ba a yin sammako, ba a kuma yin yamma, saboda ɓarayin daji da suka addabi ƙasar Zamfara. Direbobi sun koya mini dabara: in ka ga motoci sun daina tahowa daga gabanka, to, tsaya a gari mafi kusa. Haka na yi a Tsafe, na zauna gindin bishiya har na ga motocin Gusau sun fara ɓullowa. Na wuce dutsen Kwatarkwashi, na yi azahar a Gusau, na bi ta Talata Mafara, na shiga Sakkwato rana na shirin faɗuwa. Tafiyar kilomita wajen 400 ce. Wanda bai taɓa yin doguwar tafiya shi kaɗai ba bai san yawan maganar da ke cikin zuciyarsa ba. Na shirya abin da zan faɗa wa Malam ya fi sau ashirin, kowanne in na maimaita shi sai in ji hujja ce kawai na yi wa ado.

Da gari ya waye na ziyarci Hubbaren Shehu, na kama hanyar Jega. Na wuce Boɗinga da Shagari, gero duk an girbe, dammuna jingim a gonaki, jakuna da amalanke suna ta kwasa. A wajen Tambawal na saki babbar hanya na yi arewa zuwa Gwandu.

Baƙo zai yi mamakin Gwandu, don sunanta ya fi ta girma nesa. Sarkin Gwandu kansa a Birnin Kebbi fadarsa take tun zamanin Turawa. Amma nan ne Shehu Usmanu ya zauna da jama'arsa a farkon jihadi, nan ne kuma ƙanensa Malam Abdullahi ya riƙe yammacin daula, nan kabarinsa yake. Na tsaya can na jima, sai wani labari da Malam ke yawan ba ɗalibai ya faɗo mini. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa ɗansa Muhammadu Bello, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya, aka yi 'yan shekaru ba su ga juna ba. Sai da tawayen Kalambaina ya tsananta wa Abdullahi, Bello ya hau da kansa ya kawo masa gudummawa. Masu tarihi sun ce da suka haɗu bayan nasara Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da Sarkin Musulmi. A da, in Malam ya kawo nan, hankalina kan tafi ga tawali'un Abdullahi. Ran nan kuwa sai na lura ashe sai da ɗayansu ya ɗaura sirdi ya taso tukuna.

Daga Gwandu tambaya ta kai ni Ceberu, ƙauye ne na manoma, rumbuna sun fi ɗakuna tsayi. Ban sha wuyar neman gidan ba, yaro na farko da na tambaya ya shiga gaba. Na tarad da Malam a zaure bisa buzu, ya rame, gemu fari fat, tasbaha a hannu. Na yi sallama. Duk jawabin nan da na taho da shi tun daga Funtuwa ya gudu.

Ya karkato kunne, ya ce da irin Hausarsu, “Wanga murya na san ta. Malam, kai na?”

Na ce, “Ni ne, Malam. Na zo gaisuwar marigayi, na makara.”

Ya ce, “Gaisuwa ba ta ruɓewa. Zamna.” Ya ɗaga hannu muka yi wa yaron addu'a, kamar jiya aka kai shi. Sa'an nan ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce abin da har yanzu ke ci mini rai: wai duk shekarun nan ya ɗauka shi ne ya yi mini wani laifi, yana ta bincike bai gano ba. Aka kawo fura da nono, ban iya sha ba sai da ya matsa.

Kwana uku na yi. Kowace safiya yakan sa a ɗauko masa Liya'ut Ta'awili, tafsirin Malam Abdullahi, in karanta, shi kuwa yana gyara mini wasali da ka. A nan na lura yana bambance hasken ƙofa da duhun zaure. Na tambaya ko likita ya duba shi, aka ce a'a, ai tsufa ne, sai tozali da addu'a. Na roƙe shi har ya yarda, na sa shi a mota muka tafi Birnin Kebbi. Likita ya haska, ya ce yana ce ta rufe idon duka biyu, kuma ana cire ta da ɗan aiki, a sa wani ƙanƙanen gilashi a madadinta, mutum ya koma gani. Masu karatu da ke da tsofaffi a ƙauye, don Allah su lura da wannan. Ni da na zo ran bakwai ɗin nan, na kuma riƙa zuwa, da wataƙila bai yi shekara huɗu cikin duhu ba.

Muka kwana a Kalgo gidan 'yarsa, inda ake ta yankan shinkafa a fadama, ta cika mini bayan mota da buhu guda, na ƙi, ta ce ba a ƙin kyautar ɗiya. An ba shi rana a watan gobe, za a fara da idon dama. Na ce ni zan kai shi. Ya yi dariya ya ce, “Ran bakwai ko ran arba'in?” Na riga na kai motar wajen makanike.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tudun Wada, Zariya.